Fom Biyu a Ofis Ɗaya: Waiwaye Daga Kornaka

Idan aka zazzage takardun hukuma da wani dattijon Kornaka ya adana a jakar leda tun yana saurayi, za a iya karanta tarihin mulkin Nijar daga kanun takardun kawai, ba sai an duba abin da aka cike a cikinsu ba. Mafi tsufa suna ɗauke da Dakoro a matsayin ƙaramin yanki ƙarƙashin Maraɗi, da sa hannun wanda talakawa ke kira kumandan. Na bayansu sun zo ne bayan sauye-sauyen farkon shekarun 2000, lokacin da Maraɗi ta zama jiha, Dakoro ta zama gunduma, aka kuma yi zaɓen 24 ga Yulin 2004 wanda da shi ƙananan hukumomi biyar da aka yanka daga kanton Kornaka suka kama aiki, wato Kornaka, Ajekoriya, Ɗan Gulbi, Mayara da Sabon Mashi, kowace da magajin garinta da hatiminta. A 2011 aka cire Bermo daga Dakoro ta zama gunduma mai zaman kanta. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa kantomomi, sai layin da aka buga domin magajin gari ya sa hannu ya koma hannun wanda ba magajin gari ba. Kowane ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan ya tsofar da tarin takardun cikawa da aka riga aka buga, kuma doka ba ta bin ofis-ofis tana kwashe tsofaffi daga cikin durowa. A ganina nan ne tushen yawancin wahalar da ake sha da fom, ko na takarda ne ko na kwamfuta ko na wayar salula. Fom yana da mai cikawa, yana da mai karɓa, amma ba kasafai yake da mai shi ba, wato mutum guda da aka sani wanda zai ce wannan ne na yanzu, wancan ya daina aiki.

Inda aka fi rubuta tarihin wannan cuta dalla-dalla shi ne duniyar manhajar imel ta ofisoshi, don haka ya kamata a leƙa can kafin a dawo gida. Kamfanin Microsoft ya fito da Exchange a 1996, Outlook ya biyo baya a farkon 1997, a lokacin da Lotus Notes, wadda IBM ya saya a 1995, ta riga ta nuna wa ma'aikatu cewa akwatin wasiƙa yana iya zama wurin gudanar da aiki gaba ɗaya. Cikin abin da Exchange ya zo da shi akwai folda ta gamayya, wadda ma'aikata da yawa ke buɗewa daga kwamfutocinsu, Outlook kuma ya ba duk ma'aikacin da ke da ɗan kan gado damar zana fom nasa na kansa, ko na neman hutu, ko na odar kaya, ko na rahoton mota. Sai ya jera gurabe yadda yake so, ya sa ɗan rubutun umarni da VBScript domin fom ya yi lissafi ko ya ƙi wucewa idan an bar wani gurbi fanko, sannan ya wallafa shi a cikin foldar. Dabarar da ke ƙarƙashi ba ta da laifi. Ana adana abin da aka cike dabam, zanen fom dabam, abin da ke haɗa su kuma suna ne kawai da ke maƙale a jikin kowane saƙo, mai farawa da IPM, kamar IPM.Post sannan a ɗora sunan da mai zane ya zaɓa. Da an danna saƙo, Outlook zai karanta sunan, ya nemo zanen da ya dace, ya shimfiɗa bayanan a kansa.

Daga wannan rabuwa ce duk rigimar ta taso. Domin kada ya riƙa jigilar zane daga uwar garke kowane lokaci, Outlook yana ajiye kwafe a kwamfutar kowane ma'aikaci, kuma da shi yake aiki muddin bai gane an yi sabo ba. Sai mai zane ya gyara fom ranar Litinin, ya ƙara gurbi ɗaya, ya wallafa bisa tsohon suna ba tare da ya ƙara lambar zubi ba. Ranar Talata mutum uku da ke zaune a ɗaki ɗaya su buɗe saƙo ɗaya, wannan ya ga sabon gurbin, wancan bai gan shi ba, na ukun kuma kwamfutarsa ta ce ba ta iya nuna fom ɗin, ya tuntuɓi mai kula da na'urori. Wani lokacin saƙon da kansa ne ke haɗiye kwafen zanen, saboda an sa alama a akwatin da ke cewa a tura zane tare da saƙo. Daga nan sai ya kumbura, ya daina bin zanen da ke folda, rubutun umarninsa ya daina aiki, kuma duk gyaran da za a yi nan gaba ba zai taɓa shi ba. Wani lokacin an sauya fom ɗin da folda ke amfani da shi, amma saƙonnin da aka cike a baya suna nan da tsohon suna, sai an bi su an sauya musu. Mafi ban takaici shi ne gurbin da aka ƙirƙira a jikin fom amma ba a shigar da shi cikin guraben folda ba. Mutane suna cika shi tsakaninsu da Allah wata da watanni, ranar da shugaba ya ce a jera saƙonni a haɗa jimla sai a neme shi a rasa, alhali bayanan suna nan kwance a cikin kowane saƙo.

Masu gyara sun koyi bin matsalar daki-daki. Tambayar farko ita ce, kowa ne ke ganin abin ko mutum ɗaya. Idan mutum ɗaya ne, a share kwafen da ke kwamfutarsa domin ya ɗauko sabo. Idan saƙo ɗaya ne ke gardama, a duba sunan da ke jikinsa da girmansa. Idan kowa ne, a binciki inda aka wallafa, domin fom mai suna ɗaya yana iya zama a wuri uku lokaci guda, a cikin folda, a ma'ajin ma'aikaci na kansa, da kuma ma'ajin ma'aikata baki ɗaya, kowane da ɗan bambancinsa. Sai dai share kwafe maganin yini guda ne. Shawarar da ƙwararru suka yi ta nanatawa ba ta da alaƙa da wayo a kan na'ura: a ƙara lambar zubi duk lokacin da aka taɓa fom, a wallafa a wuri ɗaya tak, a gwada a wata folda kafin a saki, a ajiye kwafen tsohon zane. Exchange kansa ya tanadi cewa mai matsayin mamallakin folda ne ke da izinin wallafa fom a cikinta. Inda gizo ke saƙa shi ne, a ma'aikatu da yawa mamallakin shi ne wani hazikin ma'aikaci da ya zana fom ɗin a lokacin da aiki ya yi masa sauƙi, ya kuma bar wurin shekaru biyu da suka wuce ba tare da ya rubuta wa kowa yadda abin yake ba. Sai ga shi a 2017 masu binciken tsaro na kamfanin SensePost na Afirka ta Kudu sun nuna cewa ana iya kutse cikin kwamfuta ta hanyar irin wannan fom, Microsoft ya fito da sabuntawar da ta kashe rubutun umarni a cikin fom sai wanda mai kula da na'urori ya amince da shi da sunansa. Ma'aikatun da suka san fom nawa gare su sun rubuta jerin sun ci gaba da aiki. Waɗanda ba su sani ba sun gano su ne ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da wani ya zo yana kuka maɓalli ya daina aiki. A 2023 kamfanin ya sanar zai yi ritaya da VBScript, sabon Outlook na Windows da ya fito wa kowa a 2024 kuma bai ɗauki irin wannan fom ba sam.

Mai karatu yana da damar cewa wannan labarin mutanen birni ne masu uwar garke da injin sanyi, ina ruwan ƙaramar hukumar karkara da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, wadda ƙidayar 2012 ta samu da mutum kimanin 140,000 warwatse a ƙauyuka da rugage? Gaskiya ne aikin Kornaka bai taɓa rataya a kan foldar Exchange ba. Amma abin da ya sa labarin Outlook ke da amfani shi ne ya raba abubuwa uku da ke cakuɗe a kowane ofis, wato zane, da kwafen zanen da ke hannun ma'aikaci, da bayanan da aka cike, ya kuma nuna cewa matsala tana faruwa ne a duk inda ukun suka daina tafiya tare. Gundumar Dakoro ta ga wannan da idonta tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin Dakoro, ƙungiyoyin agaji kuma suka yi ta shigowa. Kowace ta zo da takardar cikawa tata, ta awon yara, ta rabon abinci, ta rumbun tsimi, kuma rahoton yana bin hanya mai tsawo: a cike da biro a ƙauye, a kwafe cikin teburin Excel a Dakoro, a tura ta imel zuwa Maraɗi, daga can zuwa Yamai. Teburin nan da ake turawa shi ne fom ɗin, akwatin imel na kowane ma'aikaci kuma shi ne ma'ajin da tsohon kwafe ke ɓuya. Duk wanda ya taɓa haɗa rahotanni goma da suka zo daga wurare goma ya san abin da ke biyo baya, wani ya ƙara layi, wani ya sauya wurin ginshiƙi, wani kuma da na bara ya yi aiki domin shi ne ke cikin kwamfutarsa. A 2006 gwamnati ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, bisa tsarin cewa asibiti zai yi aiki ya cike takardu a biya shi daga baya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun rubuta yadda biyan ya yi ta jinkiri har bashi ya taru. Babban dalilin rashin kuɗi ne a baitulmali, amma tsarin ya mai da takardar cikawa ta zama hanyar da magani ke bi ya dawo kanta, ta yadda kuskure a cikinta ya tashi daga ɓata lokaci ya koma rashin magani.

Wurin da aka fi ganin abin kusa-kusa shi ne takardar haihuwa. An tsara aikin hawa biyu: a shaida haihuwa a littafin da ke hannun mai gari ko a likita, sannan a kwafe cikin babban kundi a ma'aikatar magajin gari, daga nan a ba iyaye takardarsu. An samu ci gaba na gaske, domin binciken ƙasa ya nuna yaran da aka yi wa rajista sun tashi daga kashi 32 cikin 100 a 2006 zuwa kashi 64 a 2012, dokar rajistar ta 2007 kuma ta ba da wuri ga ta 1 ga Yulin 2019, wadda ta sa wa'adin shaidawa kwana 60, ta kuma buɗe ƙofar shigar da aikin cikin kwamfuta. Amma a dubi guraben da kansu. Fom yana neman sunan jariri, al'ada kuma ba ta raɗa suna sai ranar bakwai, lokacin da mai jego ta daɗe da komawa ƙauye, ga wankan jego, ga nisa, ga aikin gona idan damina ce. Sai gurbin ya zauna fanko yana jiran uban yaro, idan wa'adi ya wuce kuma sai an bi ta hannun alƙali, ko a jira ranar da kotu za ta fito ƙauye ta yi wa jama'a a dunƙule. Fom yana neman ranar haihuwar uwa da uba, alhali takardun manya da yawa cewa kawai suka yi an haife su wajajen shekara kaza. Takarda tana jure wannan, domin magatakarda zai rubuta abin da ya gani. Gurbin kwanan wata na kwamfuta ba ya jurewa, sai an ba shi rana da wata, shi ya sa 1 ga Janairu ta zama ranar haihuwar tarin mutane a ƙasashen yankin, kuma da zarar an shigar da ita babu mai iya bambanta wanda aka haifa ranar da gaske da wanda aka ƙaƙaba wa. Ga kuma rubutun suna. Usmanu ɗaya yana iya zama Ousmane a takardar haihuwa, Oussoumane a ta lakwal, Ousman a katin zaɓe. Ba kwamfuta ce ta kawo wannan ba, amma ita ce ta mai da shi mutum uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sayen sabuwar na'ura zai warware, domin kowace tambaya ce da ke jiran hukunci: me za a rubuta idan ba a san rana ba, wane rubutu ne na asali, wa ke da izinin gyarawa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga 2001, kuma bayan wasu shekaru fom ya bi ta ya shiga aljihu. Manhajar ODK ta fito daga Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, KoboToolbox da aka gina bisa tsari iri ɗaya ta bazu a hannun ƙungiyoyin agaji tun 2014, ma'aikatar lafiya kuma ta koma tattara alƙaluma da DHIS2 ta Jami'ar Oslo. An samu sauƙi mai yawa, kuma bai kamata a raina shi ba. Wayar tana ƙin karɓar nauyin kilo 80 ga jariri, tana tsallake tambayar da ba ta shafi mai amsa ba, tana kuma kawar da kwafewa sau uku wanda kowanne ƙofar kuskure ce. Amma an gudu ba a tsira ba. An gina waɗannan manhajoji ne domin su yi aiki inda babu intanet, ma'ana dole wayar ta sauke kwafen fom ta riƙe, kuma wannan kwafen shi ne dai ma'ajin Outlook da sabuwar riga. Mai kula da aiki a Maraɗi zai gyara tambaya ya ɗora sabon zubi, ma'aikacin da ya tafi ƙauyukan arewa tun shekaranjiya yana can yana cike tsohon. Idan gyaran ya taɓa sunan gurbi, bayanan za su dawo a ginshiƙi biyu. Idan ya taɓa ma'anar tambaya kawai, misali a da ana tambayar mutum nawa ke ci daga tukunya ɗaya, yanzu ana tambayar mutum nawa ke kwana a gidan, to nan ne haɗari, domin amsoshin za su zuba a ginshiƙi ɗaya babu abin da zai yi ƙara. Kamar kasuwar da ake awo da tiya biyu ce, babba da ƙarama, kowane mai awo yana da gaskiya a gabansa, jimlar buhunan ce kawai ƙarya.

Wasu za su ce maganin a bayyane yake, a mai da kowane fom shafin intanet guda ɗaya da kowa ke buɗewa kai tsaye, kamar yadda ma'aikatun da suka bar Outlook suka yi, shi ke nan babu kwafe balle ya tsufa. A ofishin da ke da wuta da layi dare da rana wannan magana tana da ƙarfi. A Kornaka tana cin karo da ƙasa. Ko manyan biranen Nijar sun ɗanɗana rashin wuta lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo lantarki a Agustan 2023, aka shafe watanni kafin a mayar a Maris na 2024, balle ƙauyen da ake cajin waya da faifan hasken rana a kasuwa. Fom ɗin da ba ya buɗewa sai da layi yana nufin uban yaro da ya yi tafiyar awa biyu a kan amalanke ko babur zai ji an ce ya dawo gobe. Kuma ko an samu layin, rabin matsalar kawai aka kashe. Shafi guda yana tabbatar da cewa yau kowa abu ɗaya yake gani, amma ba ya gaya wa mai karanta alƙaluman bara cewa tambayar ta sauya a tsakiyar shekara. Har ma ya fi takarda iya ɓoye sauyi, domin tsohuwar takarda tana nan a durowa ana iya ɗauko ta a gwada da sabuwa, tsohon shafi kuwa ya shafe.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa a hana zanen fom na gida kwata-kwata, Yamai ta fito da guda ɗaya na ƙasa, kowa ya bi. Suna da hujja mai kyau a hannunsu. Bisa dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, hukumomin filaye da ake kira Cofo, daga na gunduma zuwa na ƙauye, suna aiki da takardu iri ɗaya na sayar da gona, kyauta, aro, haya, jingina da gadon gargajiya, kuma darajar takardar tana cikin kasancewarta iri ɗaya ko'ina, ta yadda alƙalin Dakoro zai gane ta da kallo ɗaya. Haka takardar haihuwa, babu mai hankalin da zai so kowace ƙaramar hukuma ta zana tata. Na yarda da su a kan duk takardar da ke ba mutum haƙƙi. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa hani yana kashe fom na gida. Ba ya kashe shi, ɓoye shi yake yi. Kornaka tana kudu da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, dabbobi suna ratsa ƙasarta zuwa kwarin Tarka su dawo, kuma ma'aikacin da ke son sanin yaran makiyaya nawa aka yi wa rigakafi, ko wace rijiya ce ke da kwamiti mai aiki, ba zai sami gurbinsa a fom ɗin da aka zana domin ƙasa baki ɗaya ba. Zai ja layi a bayan takarda, ko ya buɗe tebur nasa a kwamfuta, wanda ba wanda ya san da shi sai shi. Jerin garuruwa na ƙasa da hukumar ƙididdiga ta fitar bayan ƙidayar 2012 yana da amfani ƙwarai wajen daidaita rubutun sunaye, amma tungar da aka kafa bayansa ba ta ciki, kuma idan jerin zaɓi bai ba da hanyar ƙara ta ba, za a jingina mutanenta ga ƙauyen da ke kusa, su ɓace daga lissafi. A nan ma zanen Outlook yana da abin koyi, duk da laifuffukansa. Sunan fom na gida ɗori ne a kan sunan na asali, ta yadda idan zanen gida ya ɓata, ana iya buɗe saƙon da fom na asali a ga ainihin guraben. Guraben ƙasa su zauna yadda suke babu mai taɓa su, na gida su zama ƙari a ƙasa, da sunan wanda ya ƙara da ranar da ya ƙara.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce aka fi saurin jefowa: ƙaramar hukumar da ke fama da albashi da man babur ina ta ga ma'aikacin da zai zauna gadin fom? Aikin bai kai girman sunansa ba. Littafi ɗaya ne da ke ɗauke da jerin duk takardun cikawa da ake amfani da su a ƙaramar hukumar, na gwamnati da na ƙungiyoyi, kowace da lambar zubinta da ranar da ta fara aiki, lambar kuma a buga ta a gindin takardar ko a fuskar farko ta wayar yadda ma'aikaci zai iya karanta ta ga wani ta waya. Idan sabuwa ta zo, a sa ranar da tsohuwa za ta daina, a tattaro ragowar, a ajiye kwafe ɗaya domin tarihi. Idan ƙungiya ta gama aikinta za ta tafi, ta bar bayanan a tebur da kowace kwamfuta ke buɗewa, tare da takardar da ke bayyana ma'anar kowane ginshiƙi, domin kada su zama kamar saƙonnin da aka bari a tsohuwar folda babu zanen da zai nuna su. Abin da ya fi muhimmanci, nauyin ya rataya a kan kujera, kamar ta babban magatakarda, kada ya rataya a kan mutum ko a kan aikin ƙungiya mai wa'adin shekara uku, domin sauyin 2024 ya nuna cewa shugabanni suna iya tafiya rana ɗaya su bar durowa. Ƙananan hukumomi biyar na kanton sun riga sun haɗa ƙungiya tasu, wadda ta yi aiki da wasu garuruwan Normandi na Faransa da ƙungiyar Eau Vive, don haka littafi ɗaya yana iya wadatar da su biyar, tunda mai zuwa kasuwar Sabon Mashi da mai zuwa ta Kornaka sau da yawa mutum ɗaya ne.

Kuma akwai sauyin da ke tafe wanda zai gwada duk wannan. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan aka bi wannan har zuwa teburin magatakarda, kowane fom zai sami ɗan'uwa na Hausa, abin da zai ba manomi damar karanta abin da yake dangwala wa hannu, ko aƙalla ɗansa ya karanta masa. Amma zubi zai ninka, kuma duk gyaran da aka yi wa na Faransanci aka manta da na Hausa zai haifar da fom biyu masu lamba ɗaya. Za a kuma yanke hukunci a kan abubuwan da suka yi kama da ƙanana: ko garin da tsofaffin kundaye suka rubuta Dan Goulbi zai koma Ɗan Gulbi, ko gurbin bincike zai gane cewa wuri ɗaya ne, ko madannin kwamfutar ofis ma yana da harafin mai lanƙwasa. Hanyar da ta fi aminci ita ce kowane gari ya riƙe lambar da hukumar ƙididdiga ta ba shi, sunayen biyu su rataya a kanta, sannan a rubuta a littafin nan ranar da aka fara yin haka da kuma kundin da aka fara da shi.